Zauren Katako na Ocean Grove: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 14 ga Yuni

Bismillah. Yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa: shirin saurare da Hausa, kashi biyar, kowanne kamar minti 20, a kan babban zauren garin Ocean Grove da ke bakin teku a jihar New Jersey, wanda suke kira Great Auditorium. Na ba kaina daga yanzu zuwa shigowar sanyi. A wannan littafi zan riƙa rubuta inda aka kwana.

Asalin abin bara ne. Na ɗauko wata tsohuwa daga filin jirgin sama na Newark, na sauke ta da yamma a wani lungu mai cike da tantuna. Ina shirin juya mota sai na ji wani gurnani a ƙirjina, kamar tirela na tahowa daga nesa. Na kashe inji, gurnanin bai tsaya ba. Ashe wani babban kayan kiɗa mai bututu da ake kira ogan ake kaɗawa a cikin wani ƙaton ginin katako da ke gefena, ƙofofinsa duk a wangale, mutane na zaune a kan ciyawa suna saurare ba wanda ya ce musu kanzil. Na yi rabin awa a wurin, fasinja biyu suka wuce ni. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai.

Yau jirgin ƙasa na shiga daga Newark, aka canja a Long Branch, na sauka a Asbury Park, na taka da ƙafa na haye ƙaramar gadar da ke kan tafkin Wesley. Da ka haye ka shiga wata duniya. Asbury Park mashaya da kiɗa; Ocean Grove kuwa har yau ba a sayar da giya a cikinsa. Kayan aikina: ƙaramar rikoda, makirufo ɗaya, abin kunne, da wannan littafi.

Asabar, 21 ga Yuni

Ranar tarihi. Na wuni ina karatu da zagaye.

A 1869 wasu fastocin ɗariƙar Methodist, ƙarƙashin William Osborn da Ellwood Stokes, suka zaɓi wannan gaɓar teku don taron wa'azi na lokacin zafi. Tantuna suka kafa, suna wa'azi a gindin itatuwa. Ƙungiyar da suka kafa, Ocean Grove Camp Meeting Association, ita ce mai ƙasar garin har gobe. Mutum na iya mallakar gida, amma filin da gidan ke kai haya ce ta dogon zango. Da jama'a suka yi yawa aka yi ta sake rumfar taro, har aka zo 1894 aka gina wannan zaure. Cikin kwana 92 aka gama shi. Na maimaita wannan adadi sau uku a rikoda, don wanda ya tsaya a gabansa ba zai yarda ba. Da farko yana cin mutum kusan 10,000. Da aka sa kujeru masu faɗi ya koma dubu shida da 'yan ɗaruruwa.

Na shiga da rana, babu taro. Abin da ya fara kama idona rufin ne. An ɗora ƙarafa irin na gada a kan harsashin dutse, aka lulluɓe cikin da siraran katako mai ruwan zuma, ya lanƙwaso daga wannan bango zuwa wancan, tsakiyar fili ba ginshiƙi ko ɗaya da zai tare maka gani. Ni ɗan Zariya ne, saboda haka nan take zuciyata ta tafi tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Can ƙasa da azara, nan ƙarfe da katako, amma tambayar da maginan biyu suka amsa ɗaya ce: yaya za a tara dubban mutane ƙarƙashin rufi guda, muryar mutum ɗaya ta isa kunnen na ƙarshe, alhali babu lasifika? Na tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar zauren. Amon bai dawo ya mare ni ba kamar yadda yake yi a ginin siminti. Ya bazu, ya ɗan jima, ya narke.

Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu ta ɗumamawa. Manyan ƙofofi ne a jere ta kowane gefe, ana tura su kamar na sito. Faffaɗan titin da ya miƙe daga ƙofar zauren zuwa teku, Ocean Pathway, an yi shi da baki mai faɗi ta wajen ruwa yana tsukewa ta wajen zaure, gidajen ma an jera su haka, don iskar teku ta shigo kamar ta mazurari. Wannan zai shiga kashi na ɗaya.

Lahadi, 29 ga Yuni

Duk abin da na ɗauka jiya a bakin teku ya lalace. Iska ta cika makirufo da buu-buu, ba a jin igiyar ruwa balle maganata. Awa uku ta tafi. Na sayi rigar gashin nan da ake sa wa makirufo. Sai wani mako.

Laraba, 9 ga Yuli

Yau ce ranar da nake jira. A watannin Yuli da Agusta ana kaɗa ogan ɗin ranar Laraba da yamma da ranar Asabar da tsakar rana, kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Na zauna a bene, rikoda a kashe cikin jaka. Kiɗan da ake yi a ciki haƙƙin masu shi ne, na rubuta takardar neman izini, kafin amsa ta zo kunnena kawai zan kawo.

Matsalata tun farko ita ce yadda zan kwatanta ogan ga wanda bai taɓa ganinsa ba, kamar Innata a Tudun Wada da za ta ji shirin a waya. Yau na samu bakin zaren. Ogan dai taron kayan busa ne da mutum ɗaya ke sarrafawa. Bututu dubbai, kowanne muryarsa ɗaya tak, ba ya iya wata. Wasu ana hura su ne kamar sarewa, iska ta bugi leɓe ta yi kuka. Wasu kuma akwai ɗan harshen ƙarfe a cikinsu da ke kaɗawa, irin belin algaita. Iskar kuwa daga wata na'ura take zuwa a ƙasa, aikin zugazugin maƙera take yi, sai dai ba ta gajiya. Makaɗin yana zaune gaban jerin madannai hawa biyar, ga wasu kuma a ƙasa da yake takawa da ƙafa, ga maɓallai birjik hagu da dama da yake ja don ya zaɓi ayarin bututun da zai yi magana. Ƙaramin bututu bai kai fensir ba. Babba kuwa ya kai ƙafa 32, kuma iskar da ke cikinsa kusan sau 16 kawai take kaɗawa a daƙiƙa, wato ta kai iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke kamawa. Shi ya sa bara ban ji shi da kunne ba, da ƙirji na ji shi.

Wanda ya ƙera na nan, Robert Hope-Jones, Bature ne ɗan Ingila, asalinsa injiniyan tarho. Shi ya sa ya yi fice wajen haɗa madannai da bututu ta hanyar lantarki maimakon sanduna. A 1908 ya kafa shi, ya rufe bututun cikin ɗakunan kankare masu tagogin da ke buɗewa da rufewa, yana tura musu iska da ƙarfin da ba a saba gani ba a lokacin. Akwai wani irin bututu da ya ƙirƙiro mai suna diaphone, wanda daga baya aka ɗauki dabararsa aka yi ƙahon gargaɗin jiragen ruwa a cikin hazo. Kasuwanci bai yi masa kyau ba. Ya sayar wa kamfanin Wurlitzer da dabarunsa a 1910, ya kashe kansa a 1914. Na daɗe ina tunanin ko in sa wannan a shirin. Zan sa. Mutumin da ya bar abu irin wannan ya cancanci a faɗi labarinsa har ƙarshe. Ogan ɗin an yi ta ƙara masa bututu tun daga lokacin, yanzu sun haura 11,000, yana cikin manya na duniya. Gordon Turk ne makaɗinsa tun 1974.

A cikin abin da ya kaɗa akwai na Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750. Salon da ya fi kama ni shi ne wanda murya ɗaya ke fara ɗan gajeren zance, kafin ta gama ta biyu ta ɗauko zancen nan daga wani mataki, ta uku ta biyo, can ƙafafu su shigo da shi daga ƙasa da babbar murya. Kowa maganarsa yake yi, ba wanda ya jira wani, amma ba karo. Na rufe ido ina bin murya ɗaya, ta ɓace mini, na kama wata. Da ya zo ƙarshe ya buɗe komai, katakon da ke ƙarƙashin takalmina ya ɗauki rawa, tsigar jikina ta tashi. Zauren kansa ya zama cikin goge, mu kuma muna zaune a cikin ƙwaryar.

Na rubuta shafi shida a jirgi kafin Long Branch.

Talata, 15 ga Yuli

Ranar Lahadi aka yi bikin mawaƙan coci na shekara-shekara, wanda aka fara tun 1955. Wannan ba wasan nishaɗi ba ne, sujadarsu ce, don haka na yi shawara da zuciyata kafin in je. Na yanke cewa zan zauna ta baya a matsayin baƙo mai kallo, da ladabi. Na tafi da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista 'yar Wusasa da ta yi shekaru tana waƙa a majami'arsu kafin ta zo Amurka wajen 'ya'yanta.

Ɗaruruwan mawaƙa ne daga majami'u daban-daban, wasu daga jihohin maƙwabta, sun cika dandamali sun malalo har benen gefe. Yawancinsu ba ƙwararru ba ne, malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da 'yan fansho, kowa ya koyi nasa a garinsu, ranar suka haɗu suka gwada tare. Da suka ja numfashi lokaci guda kafin baitin farko, na ji numfashin daga inda nake.

Can tsakiya aka ɗauko wata waƙa, sai na ji Mama a gefena tana bi a hankali da Hausa. Karin ɗaya ne da wanda ta tashi da shi a littafin waƙoƙinsu. Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba.

Da muka fito na ce, "Mama, ko za ku yarda in ɗauki muryarku kuna ba da labarin nan?"

Ta ce, "Ɗana, bari in huce tukuna. Ka zo gida ranar Asabar, in na gama tuwo."

Kashi na uku ya samu mai magana.

Alhamis, 24 ga Yuli

Daren Alhamis ne ake yin jerin wasannin kiɗan gargajiyar Turawa da suke kira Summer Stars, wannan kam da tikiti, amma bai kai rabin abin da za ka biya a manyan zaurukan New York ba. Na yi mako biyu ina lallashin Kawu, wanda ya shekara fiye da 20 yana tuƙin tasi a Bronx, teku kuwa sai dai ya hango ta daga kan gada.

"Kai, coci za ka kai ni da tsufana?"

"Kawu, ginin nasu ne, amma yau ba sujada ake ba. Makaɗa ne kawai. Ku zo ku ji, in bai yi muku ba mu fito."

Ya zo da babbar riga da hula, masu raka mutane kujera suka tarbe shi da fara'a. Su ma 'yan sa-kai ne, ba a biyansu. Makaɗa suka fito da baƙaƙen kaya, masu goge manya da ƙanana a gaba, masu busa a baya. Mai busa ɗaya ya ba da murya, kowa ya daidaita tsirkiyarsa a kanta. Jagora ya ɗaga sanda, wuri ya yi tsit.

Shirun nan ne ya dami Kawu. A wurinmu kiɗa da mai shi: ana yi wa sarki, ko ango, ko manomi, ko ɗan dambe, a kira sunan uban mutum, a yi guɗa, a tashi a yi liƙi. Da aka kai ƙarshen kashin farko makaɗa suka tsaya, ya ɗaga hannu zai tafa, na riƙe masa hannun riga, don al'adarsu sai an gama dukkan kashi uku ko huɗu ake tafi. Ya sunkuyo ya ce, "To wai wa ake yi wa wannan kiɗan?" Na rasa amsa a lokacin. Ina ganin tambayar nan ita ce ƙashin bayan kashi na huɗu, kuma amsar da na samu a hanya ita ce: ba a yi wa kowa, shi ya sa kowa ke iya ɗauka ya kai inda ransa ke so. Ban gamsu da ita gaba ɗaya ba, domin Bach kansa yawancin aikinsa coci da sarakuna ya yi wa. Sai na ƙara tunani.

Magariba a nan cikin Yuli tana kaiwa kusan takwas da rabi, ta faɗo daidai hutun rabin lokaci. Muka fita ta ƙofar gefe, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa nesa da hanya. Wani dattijo da ke zaune a barandar tantinsa ya ja karensa ciki har muka sallame. Kafin mu koma an fara kashi mai sanyi, goge kaɗai ke magana a hankali, yana fitowa ta ƙofofin nan tare da hasken fitilu, ga ƙarar teku ta ɗaya gefen. Kawu ya ce mu tsaya nan waje. Muka tsaya har aka gama. A mota bai yi magana ba sai da muka hau babban titi, sannan ya ce mai babban gogen nan da ake jinginawa a ƙirji ya tuna masa da wani makaho mai kukuma da ke zuwa ƙofar gidansu yana yaro.

Asabar, 2 ga Agusta

Tantuna. Guda 114 ne kewaye da zauren, ragowar al'adar 1869. Gaban tanti ne na zane mai kauri, da 'yar baranda da tukwanen furanni. Bayansa ɗakin katako mai kicin da banɗaki. Daga Mayu zuwa Satumba ake zama, sannan a naɗe zanen a ajiye a ɗakin baya. Masu jiran samun gurbi sukan yi shekaru a layi, wasu iyalai kuwa tun kakanni suke dawowa. Tsakanin tanti da tanti bai fi taku biyu ba, in ka yi atishawa maƙwabci zai amsa.

Na zauna da wata tsohuwa da ta yarda in ɗauki muryarta ba tare da suna ba. Ta ba ni labarin zamanin da ake ɗaure sarƙa a ƙofofin gari daga tsakar daren Asabar, ba mota ko ɗaya a titi duk ranar Lahadi, kowa ya fitar da tasa waje. Wannan doka ta yi fiye da shekara ɗari, sai da kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 1979 cewa ƙungiyar addini ba za ta riƙe ikon hukuma ba. Ko bakin tekun ma sai a 2024 aka fara buɗe shi da safiyar Lahadi, bayan takaddama da hukumar jiha. Ita tana kewar shirun da. Jikarta da ke gefe tana yanka kankana ta ce ita kam ba ta ga abin kewa ba. Na bar su duka biyun a faifan.

Abin da na lura da shi: mutanen tantunan nan su ne masu kula da zauren. Su ne masu raka baƙi kujera, su ne cikin mawaƙa, su ne masu sayar da kek don tara kuɗin gyara. Shugabannin Amurka sun yi jawabi a garin nan, daga Ulysses Grant zuwa Theodore Roosevelt zuwa Richard Nixon. Booker T. Washington ya yi magana a zauren, Enrico Caruso da Marian Anderson sun yi waƙa a cikinsa. Duk sun zo sun tafi. Na so in buɗe shirin da waɗannan manyan sunaye, yanzu na sauya: da muryar tsohuwar nan zan buɗe.

Lahadi, 17 ga Agusta

Mako biyu ban je ba, aiki ya yi yawa, ga kuɗin haya. Na yi amfani da dare wajen yanka da haɗa kashi na ɗaya da na biyu a kwamfuta.

Kalmomi na ba ni wuya. Haɗuwar muryoyi daban-daban su ba da daɗi guda, na gwada "jituwar murya", na gwada "dacewar amo". Na farkon ya fi zauna a baki. Dogon kiɗan ƙungiya mai kashi huɗu na bar shi da sunansa, simfoni, na yi bayani sau ɗaya. Na tura wa Inna minti biyar na gwaji. Ta ce ta gane zancen zugazugi da algaita sarai, amma ina sauri kamar ana kora ta. Zan sake ɗauka.

Na kuma rubuta ɓangaren guguwar Sandy. A ƙarshen Oktoban 2012 ta afka wa gaɓar New Jersey, ta yaye wani sashe na rufin zauren, ta farfasa dandamalin katakon bakin teku, ta cinye gadar masunta. Da farko hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta ƙi ba da kuɗin gyaran dandamalin, don mai shi ƙungiya ce mai zaman kanta, sai daga baya ta amince. Mutanen gari suka yi ta karo-karo. Ko ba guguwa ma, ginin katako a bakin ruwan gishiri kullum cikin jinya yake. Ogan ɗin kansa zafi na ɗaga muryar bututunsa, sanyi na sauke ta, laima na kumbura katako da fata, don haka masu gyaransa ba sa rabuwa da shi.

Asabar, 6 ga Satumba

Gari ya fara sauya fuska. Wasu tantunan an riga an kwance su, sai ƙasusuwan katako a tsaye. Na samu sautin da nake nema tun Yuni: igiyar ruwa da asuba, tsaf, ba iska. Na kuma ɗauki ƙarar tura ɗaya daga cikin manyan ƙofofin, da takun mutum ɗaya a cikin zauren da ba kowa.

Inda aka kwana: kashi na ɗaya da na biyu sun kammala, saura in sake karanta na biyun a hankali. Na uku an ɗauki Mama minti 40, sai yanka, kuma ta yi waƙar da bakinta a kicin, wanda ya fi duk abin da na yi tsammani. Na huɗu yana nan a rubuce rabi, tambayar Kawu ta tsare shi. Na biyar ban taɓa ba, don ya dogara da izinin ɗaukar ogan, kuma wasannin bana sun ƙare. In izinin ya zo, sai Yulin baɗi. Ke nan wa'adin da na ɗiba wa kaina ya tashi. Zan fitar da ukun farko a Nuwamba, sauran su jira.

Kawu ya bugo da daddare. Ya ce in na tashi zuwa na Laraba baɗi in gaya masa da wuri, zai ajiye mota ranar, kuma akwai abokinsa ɗan Damagaram da yake so ya zo da shi. Na rubuta kujera uku, a bene, ɓangaren da ke kusa da ƙofar gefe saboda magariba.